Daga Gado Zuwa Kujera, Daga Kujera Zuwa Gado: Tarihin Ajin 'Yan Kasuwa a Jiragen Sama Masu Dogon Zango

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga babban jirgin sama mai dogon zango ya san cewa, kafin ya kai ga kujerarsa ta baya, sau da yawa sai ya ratsa ta wani sashe na gaba inda kujeru suke 'yan kaɗan, masu faɗi, kowace da 'yar katangarta, ga matashi da bargo an ajiye. Wannan sashe shi ake kira ajin 'yan kasuwa. A jiragen manyan kamfanoni kujerar wannan aji takan miƙe sarai ta zama gado, fasinja ya kwanta ya yi barcinsa tun daga tashi har kusan sauka. Mutane da dama sun ɗauka tun fil azal haka abin yake. Alhali kuwa a 1978 ne ajin ya fara bayyana da sunansa, gadon nasa kuma bai zo ba sai a shekarar 2000.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wannan kujera, a ga yadda ta samu da irin sauye-sauyen da suka same ta. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, rikicin farashin tikiti ne ya haifi ajin 'yan kasuwa, sa'an nan daga baya bukatar barci ta raine shi har ya girma. Za mu kuma ga cewa jin daɗin zama a jirgi magana ce ta rabon fili, domin daɓen jirgi ba ya ƙaruwa. Duk incin da aka ƙara wa wani, daga wani wuri aka yanko shi.

2.0 Kalmomi da Ma'aunai

Bahaushe ya san rabon aji a tafiya tun kafin ya san jirgin sama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da taragunsa hawa-hawa, daga nan kuma kalmar faskila ta shigo Hausa, har ta zama ana yi wa duk wani abu mai kyau kirari da ita. A wannan maƙala za mu kira ajin farko na jirgin sama faskila, ajin baya mai araha kuma gama-gari. Na tsakiya shi ne ajin 'yan kasuwa, wanda matafiya kan ce wa bizines.

Sai dai wannan suna yana bukatar 'yar fashin baƙi. A wurin Bahaushe, ɗan kasuwa shi ne mai juya dukiyarsa, wanda in ya yi tafiya daga aljihunsa kuɗin mota ke fita. Wanda aka ƙirƙiro wannan aji dominsa kuwa ma'aikaci ne na kamfani ko na hukuma, wanda aka aika, kuma wanda ya aike shi ne mai biya. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin kusan dukan tarihin da ke tafe a kansa ya rataya.

Game da ma'auni kuwa, abubuwa 4 ne masu ƙera kujeru ke dubawa. Na farko tazara, wato nisan da ke tsakanin wani wuri a jikin kujera da takwaransa a kujerar da ke gabanta, ana auna ta da inci. Na biyu faɗin mazauni. Na uku kishingiɗa, wato iyakar yadda majinginin kujera ke kwantawa baya. Na huɗu yawan kujeru a sahu guda, wanda shi ke nuna ko fasinja zai iya fita hanya ba tare da ya tsallake maƙwabcinsa ba.

3.0 Zamanin da Kowa Ɗan Faskila Ne (1919 – 1952)

A ranar 25 ga Agusta, 1919 aka fara jigilar fasinja ta yau da kullum tsakanin Landan da Faris. Jiragen wancan zamani ƙanana ne, ga ƙara ga sanyi, kujerunsu kuma saƙaƙƙu ne irin saƙar kwando, saboda a rage nauyi. Ba su iya dogon zango, ba su kuma cika tafiyar dare ba. Saboda haka maganar barci a sama ba ta taso ba. In rana ta faɗi jirgi ya sauka, fasinja su kwana a masauki, da asuba a ci gaba. Haka kamfanin Imperial Airways na Ingila ya riƙa yi a hanyoyinsa na Afirka da Indiya. Wannan kamfani ne ya buɗe hanya tsakanin Hartum da Kano a 1936, shekara 11 bayan jiragen sojan Ingila guda 3 sun taso daga Masar sun sauka Kano a Nuwamban 1925.

Da jirage suka fara tafiyar dare, sai masu su suka ari dabarar taragun kwana na jirgin ƙasa. A 1936 kamfanin American Airlines ya fara aiki da jirgin Douglas mai gadaje 14, wanda ke ratsa ƙasar Amurka daga wannan gaɓa zuwa waccan cikin dare. Shi wannan jirgi, in an cire gadajen an jera kujeru, mutum 21 yake ɗauka, kuma shi ne ya shahara da sunan DC-3. Tun a nan za a ga lissafin da bai canja ba har yau: gado 14 ko kujera 21 a fili guda. A 1939 kamfanin Pan American ya fara ƙetare Tekun Atlantika da jirgin Boeing 314 mai sauka a kan ruwa, wanda ke da ɗakin cin abinci da gadaje, kuɗin zuwa kawai dala 375, a lokacin da wannan kuɗi ya kai rabin na sabuwar mota.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin da ya fi suna wajen jin daɗi shi ne Boeing 377, wanda ya fara aiki a 1949. Yana da gadaje da ake saukowa da su daga rufi, da kujeru masu kishingiɗa sosai, da wani ɗan falo a ƙasa da ake sauka ta matakala. Kamfanin BOAC ya sa irin wannan jirgi a hanyarsa ta Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da Kano take babban zangon shan mai ga jiragen da ke ƙetare Sahara. Abin lura a dukan wannan zamani shi ne, aji ɗaya ne a jirgi. Tafiyar tana da tsawo da wahala, kuɗinta kuma sai wane da wane, don haka gado ya zama tilas ga kamfanin da ke son ciniki.

4.0 Rabuwar Aji da Ɓacewar Gado (1952 – 1970)

A 1945 kamfanonin jiragen sama suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, wadda aka fi sani da IATA, a birnin Habana. Shekaru da yawa wannan ƙungiya ce ke yanke farashin tikitin ƙasa da ƙasa, da amincewar gwamnatoci. Ba a yarda wani kamfani ya karya farashi ba. A ranar 1 ga Mayu, 1952 ƙungiyar ta yarda a buɗe aji na biyu mai rangwame a hanyar Atlantika, wanda aka kira ajin 'yan yawon buɗe ido. A Afrilun 1958 kuma aka ƙara wani mafi araha, wanda shi ne kakan gama-garin yau.

To, a nan ne aka fara ƙuntata wa fasinja da gangan. Dalili kuwa shi ne, in aka bar ajin mai araha ya yi daɗi, masu biyan faskila za su kwararo cikinsa. Saboda haka ƙungiyar ta ƙayyade cewa tazarar kujerar gama-gari kada ta wuce inci 34, abinci kuma kada ya wuce burodi da ɗan haɗi. Har rigima ta tashi a wannan shekara ta 1958, da kamfanonin Amurka suka kai ƙarar wasu na Turai, musamman SAS, cewa suna tula nama da kifi a kan yankan burodi har ya zama cikakken abinci. Sai da ƙungiyar ta zauna ta fayyace abin da ya halatta a ɗora a kan burodi. Labarin yana da ban dariya, amma yana nuna cewa tun ran farko ba ƙarancin fasaha ne ya sa kujerar baya ta matse ba. Shinge ne aka gina don a kare farashin gaba. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

A cikin wannan shekara dai jiragen jet suka fara ƙetare Atlantika: Comet na BOAC ran 4 ga Oktoba, sai Boeing 707 na Pan American ran 26 ga wata. Tafiyar da jirgi mai farfela ke yi cikin awa 12 ko fiye, ta koma kamar awa 7. Kamfanoni suka ga ba dalilin ɓata fili da gado a tafiyar da ba ta kai dare guda ba. Gadaje suka ɓace, faskila ta koma babbar kujera mai taushi, aka mai da hankali ga abinci da sha. Ashe ke nan gudu ne ya kori gado. Wannan ra'ayi, na cewa sauri ya fi shimfiɗa, ya kai ƙarshensa a jirgin Concorde, wanda ya yi aiki daga 1976 zuwa 2003. Kujerunsa 100 ƙanana ne, ba su da wata kishingiɗa ta a zo a gani, amma yakan kai mutum Niyok daga Landan cikin awa 3 da rabi.

5.0 Haihuwar Ajin 'Yan Kasuwa (1970 – 1981)

A Janairun 1970 jirgin Boeing 747 ya fara aiki. Ya ninka 707 wajen ɗaukar mutane fiye da sau 2, kuma da farko kamfanoni sun kasa cika shi. Wasu suka mai da benensa falon shaƙatawa, American Airlines har da sa abin kiɗa a falon gama-gari. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, sai aka kwashe falulluka aka jera kujeru, sahun gama-gari ya tashi daga 9 zuwa 10. Don a cika waɗannan kujeru aka shiga sayar da tikiti mai rangwame ga wanda ya saya tun da wuri kuma ya yarda da sharuɗɗa. A Satumban 1977 Freddie Laker ya fara jigilarsa mai arahar gaske tsakanin Landan da Niyok, a Oktoban 1978 kuma Amurka ta yi dokar sakar wa kamfanonin cikin gida mara game da farashi.

Wanda wannan sauyi ya fi ɓata wa rai shi ne ma'aikacin da aka aika. Tafiyarsa ta gaggawa ce, ba ya iya sayen tikiti tun da wata guda, yana kuma bukatar damar canja rana. Saboda haka cikakken farashin gama-gari yake biya, wanda kan ninka na mai rangwame. Ga shi kuma kamfaninsa ya hana shi faskila. Sai ya sami kansa a matse a tsakiyar sahu, kusa da ɗan yawon buɗe idon da bai biya rabin abin da ya biya ba, abinci ɗaya, kujera ɗaya. Kamfanonin jirage suka ga cewa in ba su yi wani abu ba, waɗannan mutane, waɗanda su ne tushen ribarsu, za su nemi hanyar sayen mai rangwamen su ma.

Maganin farko labule ne kawai. A tsakiyar shekarun 1970 KLM na ƙasar Holan ya fara ware wa masu cikakken farashi sahun gaba na gama-gari. A 1978 British Airways ya fito da Club Class, Pan American ya fito da Clipper Class, Air France ma ya buɗe nasa. Kujerar dai ita ce ta gama-gari, sai dai wurin ya fi shiru, sha kyauta ne, kuma in da hali akan bar kujerar tsakiya ba kowa. Kamfanin Qantas na Ostareliya, wanda hanyoyinsa suka fi na kowa tsawo, yana da'awar shi ne ya fara cikakken ajin 'yan kasuwa a 1979, da kujera ta daban mai faɗi da farashi na daban. A 1981 British Airways ya kawo Super Club mai kujeru 6 a sahu, a jirgin da gama-garinsa ke da 10. A waɗannan shekaru tazarar ajin ba ta wuce inci 38 zuwa 40 ba.

Hikimar da ke cikin abin tana ga sunan. Akawun kamfani da zai ƙi sa hannu a kan tikitin faskila, don kada a ce almubazzaranci ne, ba ya jin nauyin sa hannu a kan tikitin da sunansa ma na aiki ne. Da kamfanonin jirage suka fahimci haka, sai suka riƙa ɗebo kayan faskila suna zubawa a wannan aji, suna barin sunan yadda yake. Virgin Atlantic ya fara a 1984 da aji mai kujerar faskila a kuɗin 'yan kasuwa. Continental na Amurka ya soke faskilarsa ta ƙetare a 1992 ya haɗe ajin biyu, da tazarar inci 55. KLM ma ya bi sahu a 1994.

6.0 Abin da Jiki Ke Bukata

Kafin mu ga yadda gado ya komo, ya kamata mu tsaya mu tambaya: me ya sa faɗin kujera da kyawun abinci ba su wadatar ba? Amsar tana ga jikin ɗan Adam, kuma jiki magayi. Jiragen da suka biyo baya, irin su 747-400 na 1989, sun iya tafiyar awa 13 ko 14 ba sauka. Wato tsawon tafiyar da jet ya rage a 1958 ya dawo ta wata ƙofa, domin an daina yada zango. Mutumin da ya kwana a zaune, aka ce da safe ya shiga taro ya yanke shawara a kan dukiya mai yawa, bai cika amfanuwa ga wanda ya aike shi ba.

A 1987 wasu masana biyu na cibiyar likitancin sojan saman Ingila, Nicholson da Stone, suka buga sakamakon gwajin da suka yi game da barci a kujera. Sun gwada kujerun da majingininsu ya kwanta digiri 17, da 37, da 49.5 daga tsaye, suka kwatanta da gado. Suka tarar barci a ta farko ya lalace ƙwarai, a ta biyu ya ragu, a ta uku kuwa ya yi kusa da na gado. Suka yanke cewa sai kishingiɗa ta wuce digiri 40 ake samun barcin kirki. Dalilin a fili yake: in barci ya yi nauyi tsokoki kan saki, kai ya rinjaya, mai zaune ya farka, ga shi kuma zuciya na aikin tura jini sama, ƙafafu na kumbura.

Akwai kuma maganar lafiya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa zama wuri ɗaya na awa 4 ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ko da yake haɗarin kansa kaɗan ne, kamar mutum 1 cikin 6,000. Rashin motsi ne sanadi, ko a mota ko a jirgi, kuma na gaba ma bai tsira ba in ya ƙi tashi. Har wa yau akwai abin da kuɗi ba ya saye. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, ƙarfinta kuma kamar na kan dutse mai tsawon ƙafa 8,000 ne a tsofaffin jirage, ko kamar 6,000 a irin su Boeing 787 da ya fara aiki a 2011. Wannan iska da na gaba da na baya duk ita suke shaƙa, kuma ruɗewar agogon jiki bayan ƙetare ƙasashe ba ta tambayar launin tikiti.

7.0 Komowar Gado (1995 – 2019)

A faskila gado ya fara komowa, a tsakiyar shekarun 1990, a jiragen Air France da British Airways. Matsalar kai shi ajin 'yan kasuwa ita ce fili. Mutum a kwance yana cin ƙafa 6, in kuwa aka jera gadaje kai tsaye, yawan fasinja zai ragu har farashi ya koma na faskila. British Airways ne ya warware wannan a Maris na 2000, da taimakon wani kamfanin zane na Landan mai suna Tangerine. Dabarar ta dogara ga siffar jiki: kafaɗa ta fi ƙafa faɗi. Sai aka haɗa kujeru bibbiyu, ɗaya na duban gaba ɗaya na duban baya, kafaɗar wannan kusa da ƙafar wancan. Da haka aka sami gadaje 8 a sahu guda na 747, kowane shimfiɗaɗɗe sarai. Aibinsa shi ne baƙi biyu na fuskantar juna, na ciki kuma sai ya tsallake ƙafar wani kafin ya fita.

Wasu kamfanoni suka bi gajeriyar hanya, suka yi gado mai gangare, ƙafar fasinja na shiga ƙarƙashin kujerar gaba. Singapore Airlines ya yi haka a 2002, Lufthansa a 2003. Matafiya suka yi ta kukan cewa suna zamewa ƙasa cikin barci, a hankali aka watsar da wannan ƙira. A 2003 Virgin Atlantic ya jera gadajensa a karkace, kamar ƙayar kifi, kowa ƙafarsa na duban hanya, ta yadda ba mai tsallake wani. Darajar wannan dabara ta kai har aka yi shari'a a kanta: Virgin ya nemi diyyar fiye da fam miliyan 49 daga kamfanin da ya ƙera irinta ya sayar wa abokan gasa, maganar ta kai Kotun Ƙolin Ingila, wadda a 2013 ta yanke hukuncin da bai yi wa Virgin daɗi ba. Daga 2009 aka juya ƙayar kifin, kujerun gefe suka koma duban taga, sahu ya tsaya a kan 4. Wannan tsari ne ya fi yaɗuwa.

Bayan gado da hanyar fita, sai aka koma ga sirri. A 2017 Qatar Airways da Delta suka sa wa kujerun ƙofa mai zamewa, British Airways ya bi su a 2019, ya fara sauya tsarinsa na 2000. In aka duba da kyau, fasinjan da ya ja ƙofarsa ya kwanta a 2017 ya komo inda fasinjan 1936 yake, wanda shi labule yake ja. Abin da ya bambanta su shi ne, na yanzu gadonsa inji ne mai maɓallai, wanda doka ta ce sai ya jure girgizar da ta ninka nauyinsa sau 16 kafin a yarda a ɗaura shi a jirgi.

8.0 Wane Ne Ke Biya?

Gado guda na wannan aji yana cin filin kujerun gama-gari 3 ko fiye. A jirgin Boeing 777, wanda ya fara aiki a 1995, sahun 'yan kasuwa ya sauko daga 7 zuwa 4 a kamfanoni da yawa, a daidai lokacin da sahun gama-gari ya hau daga 9 zuwa 10, faɗin mazauni ya ragu zuwa wajen inci 17. Tazarar gama-gari, wadda a 1958 aka ga inci 34 ƙuntatawa ce, ta koma 31 ko 32 a yawancin jiragen dogon zango. Ratar da ta buɗe tsakanin ajin biyu ta yi faɗin da har wani sabon aji ya shiga tsakani tun 1992, lokacin da EVA Air da Virgin Atlantic suka fara gama-gari na musamman. Kujerarsa mai tazarar inci 38 kusan ita ce kujerar 'yan kasuwa ta 1980, da sabon suna.

Adalci ne kuma a faɗi ɗaya ɓangaren. Kuɗin da 'yan gaba ke biya yana ɗauke wani babban kaso na tsadar tafiya, shi ya sa ake iya sayar da kujerun baya da araha. Haka nan gaba ba ta cika tsayuwa ita kaɗai ba. Kamfanoni 3 da suka gwada jigilar 'yan kasuwa zalla a Atlantika, wato MAXjet da Eos da Silverjet, duk sun durƙushe tsakanin Disamban 2007 da Mayun 2008. Ajin biyu kamar jaki da mangala suke, in gefe ɗaya ya yi sauƙi kayan su zube.

Sauran masu biya ba sa cikin jirgin. Na farko shi ne mai aike, wanda sau da yawa baitulmalin jama'a ne. Shi ya sa hukumomi ke gindaya ƙa'ida. A 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙayyade wa yawancin ma'aikatanta cewa sai tafiya ta kai awa 9 ba sauka kafin su shiga wannan aji. A Oktoban 2019 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ba da umarnin cewa ministoci da manyan sakatarori da shugabannin hukumomi da makamantansu ne kawai za su shiga, saura su bi gama-gari. A lura da bambancin ma'auni: can tsawon tafiya aka duba, nan muƙami. Na biyu shi ne muhalli. Wani bincike na Bankin Duniya a 2013 ya ƙiyasta cewa rabon fasinjan wannan aji daga hayaƙin jirgi ya kai kamar ninki 3 na ɗan gama-gari, saboda filin da ya mamaye.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa jirgin sama ya fara dogon zango da gado, saurin jet ya kore shi a 1958, rikicin farashi ya haifi ajin tsakiya a 1978, sa'an nan tsawon tafiya da bukatar barci suka komo da gadon cikin wannan aji a 2000. Mun kuma ga cewa sunan ajin ya yi aiki kamar yadda kujerar ta yi, domin shi ne ya halatta wa ma'aikaci abin da aka hana shi da sunan faskila.

Binciken masana ya tabbatar da cewa amfanin kwanciya a tafiyar dare gaskiya ne, ba yaudarar 'yan talla ba ce. Amma wannan hujja tana da iyaka. Tana da ƙarfi ga wanda zai kwana a sama ya wayi gari a bakin aiki, tana da rauni ga tafiyar rana ta awa 5 ko 6, ba ta kuma da alaƙa da girman kujerar mutum a ofis. Wanda ya biya daga aljihunsa, iya kuɗinsa iya shagalinsa. Inda dukiyar jama'a ce kuwa, tarihin da muka bi yana nuna cewa awowin tafiya da aikin da ke jiran matafiyi su ne ma'aunin da ya fi dacewa a yi hukunci da shi.